Inna ta hana a yi wa 'yata allurar wata tara

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Auyo, 'ya'yana uku. Bara da damina babban, mai shekara shida, ya kwanta zazzaɓi. Mai kemis ya gwada jininsa ya ce babu maleriya, amma duk da haka ya yi masa allurai ya ba shi maganinta. Ya ɗan warware kwana ɗaya, sai zazzaɓin ya dawo, idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce shawara ce, ta jiƙa masa rawaya da sassaƙe. Sai da ya daina cin abinci aka yarda muka kai shi babban asibiti, ya yi kwana tara, Allah Ya tashi kafaɗunsa. A can wata malamar asibiti ta ce mini akwai shawarar da sauro ke kawowa, kuma ana yin allurarta a wata tara. Shi ba a yi masa ba. Yanzu ƙaramar ta cika wata tara, Inna ta ce ba za a tsira wa jikarta allura ba. Wai shawara kowa da ita a cikinsa, maiƙo ne ke tayar da ita, kuma ina ruwan sauro tunda a gidan sauro muke kwana. Maigidana yana ci-rani a Legas, ya ce in bi abin da Inna ta ce. Ga damina ta kawo kai. In faki ido in kai ta, ko in haƙura?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya ƙara wa yaronki lafiya. Na san abin da kwana tara a gefen gadon asibiti ke nufi ga uwa, don haka ban ga laifinki ba da zuciyarki ta fara raya miki ki faki ido. Amma kada ki yi. Haƙura kuma ban yarda ki haƙura ba. Yarinyar nan sai an yi mata allurar, kuma ina so a yi ta da sanin mahaifinta da albarkar kakarta, domin bayan wannan allurar akwai damina mai zuwa, akwai daren da za ki buƙaci a buɗe miki ƙofa ki fita da yaro ba tare da gardama ba. In kika saci jiki yau, kuma yarinya ta ɗan yi zafin jiki bayan allura, wanda yakan faru, to kin ba da hujjar da za a riƙa kafa miki shekara da shekaru.

Bari mu fara da maganar Inna, don ba duka ta kuskure ba. Mu Hausawa duk idon da ya yi ɗorawa shawara muke kiransa, alhali abubuwa da yawa ne ke kawo shi. Ciwon hanta na kawo shi, maleriya in ta yi tsanani tana kawo shi, mai sikila idonsa kan yi haka, jariri ma a satin haihuwa yakan yi. Wadda Inna ta sani tun tana yarinya, wadda mutum kan sha jiƙo ya kwana biyu ya miƙe, wataƙila ɗaya ce daga cikin waɗanda kan lafa da kansu. Amma a cikin taron akwai wata mai suna zazzaɓin shawara, ita ce malamar asibitin ta gaya miki. Ƙwayar cuta ce ta bairas, ba ta cikin kowa tun asali, maiƙo bai san da ita ba. Sauro ne ke ɗauko ta daga jinin mai cutar, ko daga birai a daji, ya zuba wa mai lafiya. Bayan kwana 3 zuwa 6 da cizon sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya, amai. Yawancin mutane daga nan suke warkewa cikin kwana uku ko huɗu. Kaɗan daga ciki kuma sai su ji sauƙi kamar na yini guda, gida ya yi hamdala, sai ciwon ya juyo da ƙarfinsa ya kama hanta da ƙoda: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jini ya fara fita ta hanci ko dasashi ko cikin amai. Waɗanda suka kai wannan matakin kusan rabinsu ba sa tashi. Kuma har yau babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar, abin da asibiti ke yi shi ne tallafar jiki da ƙarin ruwa da jini da kula har ya yi yaƙinsa. Wannan sauƙin na yini guda da kika ambata a ciwon ɗanki shi ya fi tsaya mini a rai. Gwajin jini a babban ɗakin gwaji ne kaɗai ke raba wannan shawarar da sauran, saboda haka in kin koma asibiti ki roƙi a duba masa ciwon hanta da rukunin jininsa na sikila, a kuma yi masa allurar da ta wuce shi. Shekara bakwai ba ta hana. Na tsakiyar ma ki duba katinsa.

Cutar ba ta da nisa da mu. Ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 a jihar Kwara, a 2019 kuma ta kashe mutane a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, wajen gandun dajin Yankari. Bauchi kuwa iyaka jiharmu ta Jigawa ta haɗa da ita. Mazajenmu suna tafiya ci-rani kudu su dawo, 'yan kasuwa da makiyaya suna kai-komo. Mutum ɗaya ya shigo gari da ƙwayar a jininsa ya wadatar, in dai akwai sauron da zai raba ta.

To, batun gidan sauro. A nan ne nake so ki natsu, don shi ne hujjar Inna mafi ƙarfi, kuma kusan kowa a ƙauyukanmu haka ya ɗauka. Sauro ba iri ɗaya ba ne. Na maleriya ɗan dare ne, a gonakin shinkafa da kududdufai da tabkunan da ambaliya ta bari yake haihuwa, irin waɗanda kuke da su birjik a kwarin Haɗeja, kuma shi ne gidan sauro ke tarewa. Ku ci gaba da kwana a ciki, ko kusa kada a fasa. Amma mai kawo zazzaɓin shawara wani ne daban. Baƙi ne ƙarami, ƙafafunsa da ratsin fari kamar an ɗiga masa alli, likitoci na kiransa Edis. Da rana yake cizo, ya fi ƙarfi da hantsi da kuma bayan la'asar kafin magariba, daidai lokacin da kike tsakar gida kina wanke-wanke, yara suna wasa ba riga, gidan sauro yana naɗe a ɗaki. Ba ya tashi nesa da inda aka ƙyanƙyashe shi. In ya cije ki a tsakar gidanki, to a gidanki ko na maƙwabta aka haife shi. Kuma bai damu da ruwan ƙazanta ba, ruwa mai kyau da aka ajiye yake so.

Shekarun da na yi ina aiki a wani ɗakin shan magani na ƙauye, akwai ranar da na je duba wata mai jego. Gida tsaf, an share, an yi daɓe, babu kwatami mai wari. Tsohuwar gidan tana ta mitar sauron rana ya hana jikokinta sakat, tana ɗora laifin a kan gonar gero da ke bayan katanga. Na roƙi ruwan sha, ta nuna mini randa a gindin bishiyar darbejiya, an ɗora mata faifai da ya ci gefe. Na ɗaga, na haska fitilar waya a ciki. Ga su nan, ƙananan tsutsotsi kamar guntun zare, sun rataye kansu ƙasa a saman ruwa, da haske ya taɓa su sai suka yi wutsil-wutsil suka nutse gindin randar. Na kira ta ta leƙa. Ta ce ai 'ya'yan ruwa ne, tun tana yarinya take ganinsu, tacewa ake yi a sha. Na ɗebi kaɗan da moɗa na zuba a kwalba, na ɗaure bakin da ƙyalle, na ce ta ajiye a ɗakinta. Bayan 'yan kwanaki ta aiko jikanta da kwalbar, sauro na shawagi a ciki, masu ratsin fari a ƙafa. Tun daga ranar babu wanda ya kai ta tsanani a kan rufe randa a unguwar.

Wannan kwalbar nake so ki yi wa Inna. Ba ki ce mata ta yi kuskure ba, ba ki ɗaga murya ba, idonta ne zai gaya mata. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, shi ya sa aikin na mako-mako ne. Ki zaɓi rana ɗaya, a ce Juma'a da safe, a juye randa da tulu da duro, a sa soso a goge cikinsu sosai. Gogewar ita ce aikin, domin uwar sauron a jikin bangon randa take manna ƙwanta, ɗan sama da bakin ruwa, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa ya taɓa shi. In an zubar da ruwa kawai aka sake cikawa, an shayar da shi ne. Sannan murfi mai kama baki, ko ƙyalle mai tsabta a ɗaure da igiya kafin a ɗora faifai. Jarkoki a rufe su da murfinsu. Kaskon ruwan kaji da na awaki a wanke shi tare da randa. Tsohuwar tayar da aka danne rufin kwano da ita, wadda ba mai tunawa da ita, tana cikin manyan gidajen wannan sauron da damina: a huda ta ko a cika ta da ƙasa. Gwangwanayen tumatir, fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki, turmin da aka bari a buɗe ruwan sama ya taru a ciki, a kife su. In kin kawo wa Inna maganar rufe randa, ki tuna mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka. Abin da ta riga ta sani ne, kuma za ta fi jin daɗin karɓarsa ta wannan ƙofar. Ki bar mata jagorancin aikin, ita ce mai gida, ita za ta iya sa yaran maƙwabta su kife gwangwani, ke ba za ki iya ba.

Ƙaramar kuma in za ta yi barcin rana, ki sakar mata gidan sauro. Da hantsi da yamma a sa wa yara riga mai hannu da wando. Duk wanda zazzaɓi ya kwantar a gidan, shi ma ya kwanta cikin gidan sauro dare da rana, don kada sauro ya ɗebi abin da ke jininsa ya kai wa na kusa. Fiya-fiyar nan da ake sayarwa a kwalabe ba suna, ki nisanta ta da ɗakin da yara ke kwana, guba ce.

Akwai dalili na biyu da ya sa na dage a kan randa. Wannan sauron ba shawara kaɗai yake ɗauka ba. Shi ne mai kawo zazzaɓin dengi, wanda hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023, shekarar da ya yi ɓarna mai yawa a Burkina Faso. Zazzaɓi ne mai zafi da ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi kamar ana karya ƙashi, wani lokaci da ƙuraje. Shi ne kuma mai kawo cikungunya, mai barin mutum da ciwon gaɓoɓi na watanni, wadda ta kwantar da dubban mutane a Abeche ta ƙasar Chadi a 2020. Waɗannan ba sa cikin alluran da ake yi wa yaranmu, tsaron ruwan gida shi ne katangarsu. Dukkansu a kwanakin farko kamanninsu ɗaya da maleriya, kuma maganin maleriya ba ya taɓa su, domin ita maleriya ƙwayarta daban ce. Wannan ne ya sa abin da mai kemis ya yi wa ɗanki ya ɓata mini rai. Gwaji ya ce babu, sai a tsaya a tambayi to mene ne, a tura gaba. Allurar da aka yi masa ba ta ƙara masa komai ba sai jinkiri. Ki riƙe wannan: zazzaɓin da gwaji ya ce ba maleriya ba ce, kada a ba yaro asfirin ko ibufurofen ko daikulofenak, domin in dengi ce ko shawara suna iya buɗe ƙofar zubar jini. Farasitamol daidai awon shekarunsa, ruwa da yawa, nono ga mai shan nono, sai asibiti. In kuwa ido ya riga ya canza, hanta ce ke wahala, kuma duk abin da aka haɗiya ta wajenta yake bi, jiƙo ne ko ƙwaya. A wannan halin kada a ba shi komai sai abin da likita ya rubuta. Maganin da ma'aikata ke bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata da damina, ki karɓa ki ba su yadda aka ce, sai dai ki san maleriya kaɗai yake tarewa.

Tunda kuna da dabbobi, ga wata a taƙaice. In bayan ambaliya kuka ga tumaki da awaki suna ta ɓari a lokaci ɗaya, ƙanana suna mutuwa, a sanar da malamin dabbobi, kada a taɓa abin da suka zubar da hannu tsirara, madara kuma a tafasa. Akwai wata cutar da sauro ke yaɗawa a dabbobi ta tsallako ga mutane, ta taɓa makiyaya a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar a 2016.

Yanzu allurar. Tsoron Inna yana da tushe, kada ki raina shi. Mutanen ƙasar nan ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, ba su manta da rigimar allurar shan inna ta 2003 ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma wannan allurar ba baƙuwa ba ce, ta ma girmi Inna. Tun 1937 aka samar da ita, daga ƙwayar cutar da aka samo a jinin wani mutumin Gana a 1927. Sau ɗaya ake yin ta, ta tsare mutum iya rayuwarsa, kuma kariyar kan fara kama jiki cikin kwana goma. Kyauta ce a asibitin gwamnati, rana ɗaya ake yin ta da ta ƙyanda. Wasu yaran kan yi ɗan zafin jiki ko wurin ya ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ki gaya wa Inna wannan tun kafin a je, don kada ya zo mata a ba-zata. In yarinyar tana da wani ciwo mai nauyi, ko jikinta na tashi in ta ci ƙwai, ki faɗa wa malamin asibiti kafin ya yi.

Hujjar da na ga ta fi saurin shiga zuciyar iyayenmu ita ce ta aikin Hajji. Duk alhaji da hajiyar da suka tashi daga Najeriya sai an yi musu wannan allurar, an ba su katin nan mai ruwan ɗorawa, domin Saudiyya ta shardanta ta ga masu zuwa daga ƙasashe irin namu. A garinku ba za a rasa wata hajiya sa'ar Inna ba, wadda suke zama tare a gidan biki. Ki je ki gaishe ta, ki yi mata bayani, ki roƙe ta ta zo da katinta ta nuna. Magana daga bakin suruka ƙarama tana da nauyin shiga kunne ko da gaskiya ce, amma daga bakin aminiya ruwa ce. In babu hajiya, akwai ungozoma, akwai matar liman, akwai ƙanwar maigidanki in kuna shiri. Ke kuma naki shi ne ki shiga ɗakin Inna da daddare bayan an ci tuwo, ki durƙusa, ki fara da godiya. Ita ma ta yi jinyar yaron nan, ita ma ba ta yi barci ba, jiƙon da ta yi masa ƙauna ce ta sa. Ki ce mata, Inna, tsoro nake ji kada abin bara ya dawo kan kishiyarki, ki taimake ni. Ki roƙe ta ita ta goya yarinyar zuwa asibitin, a miƙa mata katin a hannunta.

Maigidanki kuwa, na fahimci abin da ya sa ya ce ki bi Inna: yana nesa, ba ya son ya ji gida ya kama da wuta. Amma amanar yarinyar a wuyansa take, kuma umarnin uwa bai sauke masa ita ba. Kada ki kira shi kina kuka ko kina kai ƙara. Ki zaɓi lokacin da ya tashi daga aiki ya huta, ki tuna masa abin da aka kashe bara a kwana tara, kuɗin mota da na magani da abin da aka sayar, ki ce wannan kyauta ce kuma sau ɗaya ce. Ki roƙe shi ya kira mahaifiyarsa da kansa ya ce yana neman alfarma a kai. Shi ma ya nemi tasa allurar a can inda yake in ba a taɓa yi masa ba. In an bi duk waɗannan hanyoyin abin ya ci tura, sai ki sanar da mahaifinki ko wanki su yi magana da shi namiji da namiji, ko a kai ga mai unguwa, waɗanda dama da su ake aikin rigakafi a ƙauyuka. In wata tara ta wuce ana wannan lallashin, ƙofa ba ta rufe ba, ana yi a wata goma ko sha ɗaya. Amma ki sa wa kanki iyaka, kada ruwa ya zauna sosai ba a yi ba.

A wannan kiran dai, ki nemi abu ɗaya da na ɗauka ya kai allurar muhimmanci: izini tun yanzu, a gaban Inna, cewa duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi idonsa ya canza, ko jini ya fito ta hanci ko baki, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko jijjiga, ko ya yi laushi ya kasa shan ruwa, za ki fita da shi asibiti a take, dare ko rana, ba sai an jira waya ta shiga Legas ba. Ku lura musamman da ranar da zazzaɓi ya sauka, don a dengi da shawara a nan ne haɗarin yake ɓuya. Ki ƙulle kuɗin mashin a wani wuri da ba za a taɓa ba, ki karɓi lambar mai babur biyu a garin. In kuma kuka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya da zazzaɓi da ɗorawar ido, a gaya wa malamin asibiti ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira 6232, layin NCDC ne kuma kyauta ne.

Gobe da safe, kafin ki ɗora ruwan koko, ki ɗauki fitila ki leƙa randarku. In kin ga masu wutsil-wutsil ɗin, ki nemo kwalba. Ki rubuto mini bayan sati biyu in ji yadda kuka yi da Inna, ki gaishe mini da ita.